ZAUREN IYALI: Kafin a ɗaure kaya zuwa Savelugu

Duk wanda ya bi hanyar Bolgatanga daga Tamale da sassafe zai yi kiciɓis da jerin babura da kekuna masu ƙafa uku suna kwararowa cikin birni daga arewa. Da almuru kuma sai su juya. Da yawa daga cikin mutanen nan a Tamale suke neman abinci, a kasuwar Aboabo ko a ofisoshi da makarantu, amma a Savelugu da ƙauyukan da ke kewaye da shi suke kwana. A cikinsu akwai 'yan'uwanmu da aka haifa a Zango da Sabonjida, waɗanda kakanninsu suka baro Salaga bayan yaƙin 1892, ko suka biyo fatauci bayan Turawan Ingila sun mai da Tamale hedikwatar arewa a 1907.

Dalilin ƙaurar ba ɓoyayye ba ne. Ƙidayar 2021 ta sami mutum fiye da 370,000 a yankin majalisar birnin Tamale, da fiye da 340,000 a Sagnarigu da ke manne da shi, wanda sai a 2012 aka yanke shi ya zama gunduma. Inda jama'a suka yi yawa haka, ɗaki kan yi tsada. Dokar haya ta Gana ta 1963 ta hana mai gida karɓar fiye da kuɗin wata shida gaba ɗaya, amma kowa ya san cewa na shekara ɗaya ko biyu ake nema kafin a miƙa mabuɗi. Magidancin da ya ji cewa kilomita 25 kacal daga nan zai sami gida mai tsakar gida, har da wurin ɗaure akuya, a kan abin da yake biya na ɗaki da falo, ba za mu zarge shi ba in zuciyarsa ta karkata.

Abin da muke so a lura da shi shi ne, maigida ne yakan yi lissafin, amma uwargida da yara ne suke biyan abin da lissafin ya manta. Shi zai hau babur bayan sallar asuba, ya wuni cikin abokansa, ya ci abincin rana inda ya saba. Ita ce za ta wuni a garin.

Babban abin da za ta fara karo da shi ruwa ne. Ƙasar wannan yanki ba ta da kyauta ga mai haƙa rijiya, sau da yawa akan haƙa burtsatse a tarar da shi a bushe. Ruwan famfon Tamale daga kogin Volta Fari ake jawo shi a Nawuni, a tace shi a Dalun, kuma ko a cikin birnin ba kowace unguwa yake isa kullum ba. Damina ɗaya ce a shekara, daga wajen Mayu zuwa Oktoba, sauran watannin sai jira. Manyanmu ba su manta da abin da ya faru ba lokacin da ruwan famfo ya yanke a 2006, mutane suka koma ga ruwan madatsai, kurkunu ya ɓarke a Savelugu har tsohon shugaban Amurka Jimmy Carter ya zo garin a Fabrairun 2007 ya ga yara ana zare musu tsutsar daga ƙafa. Alhamdu lillahi wannan cuta ta zama tarihi: a Diare, arewa da Savelugu, aka ga mutum na ƙarshe da ya kamu a Gana cikin Mayun 2010, kuma a 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar ƙasar ta rabu da ita. Amma tafiyar kurkunu ba ta cika randar kowa ba. Saboda haka shawararmu ita ce, kada a je duba gida a watan Agusta, lokacin da ko'ina yake kore. A je a watan Maris, a tafi da uwargida, ita ta tambayi matan unguwa nawa ake sayar da jarka, sau nawa famfo yake zuwa a mako, kuma ƙarfe nawa 'yan mata suke fita ɗiban ruwa. In amsar ita ce kafin asuba, to, a san cewa karatun 'yarmu ne zai biya arhar gidan.

Wanda kuma fuloti yake so ya saya, ya sani ƙasar Dagwamba a hannun sarakuna take. Sarkin wurin ne yake ba da takardar rabon fili bayan an kai goro, amma wannan takarda mafari ce kawai. Sai an kawo safiyo ya auna, an je Hukumar Filaye a Tamale an bincika ko an riga an ba wani, sannan a nemi takardar hayar ƙasa a yi mata rajista. Ga masu karatunmu da ke riƙe da takardun Nijar ko Togo ko Burkina Faso, tsarin mulkin 1992 bai yarda a ba wanda ba ɗan ƙasa ba fiye da shekara 50 a lokaci guda ba. Mun sha jin kukan waɗanda suka tara kuɗin shekaru, suka jibge yashi da bulo, suka dawo suka tarar wani ya kafa harsashi a wurin, shi ma da tasa takardar a hannu.

Sai kuma maganar zama da mutane, wadda a ganinmu ta fi waɗancan nauyi. Ɗan Zango ya saba da Hausa ta kai shi ko'ina. A Savelugu Dagwambanci ne harshen gida da na kasuwa, kuma bai kamata wannan ya ba kowa tsoro ba, domin tsohuwar cuɗanya ta bar mana gada. Gaisuwar safe «Dasiba», a amsa da «Naa», asubarmu ce a cikinta; «amaraaba» marabarmu ce; sunayen ranakun mako, Atani da Atalaata da Alizumma, duk kunnenmu ya san su. Matar da ta koyi gaisuwa, ta rusuna wa tsofaffi yadda matan garin suke yi, ta halarci suna da jana'iza, ba za ta rasa mai riƙe mata jariri ba ranar da zazzaɓi ya kwantar da ita. Kasuwar garin ma ba ta bin mako irin namu: kwana shida-shida take ci, tana zagayawa tsakanin Tamale da Savelugu da Kumbungu da Nyankpala da maƙwabtansu, sai uwargida ta koyi ƙirgen kafin ta san ranar da hatsi da man kaɗe suke araha.

Kada kuma ƙanƙantar garin ta sa mu raina shi. Sarkinsa, Yoo Naa, yana kan ɗaya daga cikin buzaye uku da ake hawa sarautar Yendi daga kansu, tare da Karaga da Mion, kuma daga Savelugu aka ɗauki Ya-Na Abukari na Biyu aka naɗa shi a Janairun 2019, bayan shekara 17 ana jiran sulhu tun kisan Ya-Na Yakubu Andani na Biyu a 2002. Sabon zuwa ya nemi dattijo ya kai shi ya gai da sarkin unguwarsa da limami. Idan hira ta gangaro kan gidan Abudu da gidan Andani, ya kama bakinsa. Magana ce ta dangi, tana da ciwo, kuma baƙo ba shi da rabo a cikinta. Bikin Damba da na wutar Bugum na masu gari ne. Malamanmu sun sha bamban a kansu, kowa ya bi abin da ya gamsu da shi, amma ban da tsayawa a ƙofar gida ana kushe maƙwabta.

Amfanin wurin ba kaɗan ba ne. Hanyar kwalta ce, filin jirgin sama yana tsakanin garuruwan biyu, kuma tun 2016 alhazan arewa suke tashi daga nan ba sai sun je Akara ba. Akwai asibitin gwamnati, akwai sakandare, akwai ma makarantar kurame da iyaye suke kawo 'ya'yansu daga nesa. Yara kan sami filin wasa da iska mai kyau.

Sai dai manyan motocin da ke zuwa Paga da Wagadugu su ma wannan hanyar suke bi dare da rana, kuma maigidan da zai yi kilomita 50 kullum a kan babur ya sa kuɗin mai da na gyara da hular kwano a cikin lissafinsa. Ya kuma tambayi kansa tun yanzu: idan naƙuda ta zo da gardama ƙarfe biyun dare, aka ce a wuce Asibitin Koyarwa na Tamale, ƙofar wa zai ƙwanƙwasa a ba shi mota? In har bai san sunan wannan maƙwabcin ba tukuna, to ya ƙara wata biyu yana zuwa sallar Juma'a a garin kafin ya kira motar kwasar kaya.