Mutum Uku A Cikin Tanka: Wa Zai Ɗauki Aikin Na Huɗu?

'Yan'uwa, Birget ta 26 ta motocin sulke tana da mazauni a nan Dutse, kuma da yawa cikinmu muna da ɗa ko ƙane mai marmarin sa kaki. Saboda haka ya kamata mu san abin da ke cikin kan tanka, wato ɗakin nan mai juyawa wanda ke ɗauke da igwa.

Tsofaffin tankokin sojanmu, irin su Vickers ta Ingila da T-55 ta Rasha, mutum huɗu suke ɗauka. Direba yana ƙasa, uku kuwa suna cikin kan: kwamanda, da mai harbi, da mai ɗura harsashi. Amma T-72, da VT-4 ta ƙasar Sin wadda ta iso Legas a 2020, mutum uku ne kawai, domin na'ura ce ke ɗura harsashin. Mutum biyu ke nan a sama.

Wasu za su ce an rage masu shiga haɗari, kuma gaskiya ne. Sai dai na huɗun nan ba ɗura harsashi kaɗai yake yi ba. Da shi ake gyaran sarƙa idan ta tsinke a daji, da shi ake share igwa, da shi ake karɓa-karɓar gadi da dare. Na'ura ba ta gadi. Yanzu aikinsa ya koma kan mutum uku masu fama da gajiya. Ga kuma wata matsala: a T-72 harsasai suna jere ƙarƙashin inda kwamanda da mai harbi ke zaune, shi ya sa a yaƙin Yukiren tun 2022 aka sha ganin kan tanka ya tashi sama idan wuta ta kama su.

A ganinmu, sayen sabuwar tanka ba tare da isasshen horo ba, jefa 'ya'yan mutane ne cikin hatsari. Mai harbi na yau sai ya iya na'urar auna nisa da madubin gani cikin duhu, kwamanda kuwa ga taswira ga rediyo ga lura da fili. Gwamnati ta ba makarantar motocin sulke ta Bauchi man fetur da harsasan atisaye da kayan gyara. Mu kuma iyaye da dattawan ikkilisiya, kada mu bar yaro ya watsar da lissafi da aikin kanikanci domin yana ɗokin tafiya Defo a Zariya.