Ina Takardar Kukanmu Ta Kwana?

Ya 'yan'uwa ɗalibai, mu mazauna Unguwar Dosa mun gaji da jin "ku dawo gobe". Bututun ruwa ya fashe a layinmu, muka kai takarda ofis, masinja ya karɓa, shi ke nan an shuka dusa. Babu lamba, babu sunan wanda aka ɗora wa aikin.

Alhali kuwa masu rubuta manhajar kwamfuta sun daɗe da samo maganin wannan cuta. A Bugzilla, wadda Mozilla ta fitar a 1998, kowane kuskure aka kai rahotonsa sai a ba shi lamba. A tabbatar da shi, a danƙa wa mutum guda da sunansa, ya shiga gyara. In ya ce ya gama, wani dabam ya duba, in gyaran bai yi ba a sake buɗe maganar. Ko an ƙi gyarawa, tilas a rubuta, kowa ya gani.

Ku matasan ma'aikata, teburan nan gobe naku ne. Ku ba kukan talaka lamba, kada ku rufe fayil sai mai kukan ya shaida an gyara. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.