Walkover: Nasarar da Ba a Kara da Kowa Ba

Duk mai bin gasar ƙwallon unguwa ya saba jin ana cewa "an ba su wokoba". Kalmar Ingilishi ce, walkover, kuma ana faɗin ta ne idan ƙungiya ta iso fili, abokiyar karawarta ba ta zo ba, alƙalin wasa ya gaji da jira ya busa usur.

Daga sukuwar dawaki a Ingila ta samo asali. A can, ko doki ɗaya tak ya fito, ba a miƙa wa mai shi kyauta yana ɗaure a turke. Sai an hau shi ya taka filin tukuna, ko da tafiyar ƙasaita ce. Daga baya aka faɗaɗa ta, har ta kai ga ɗan takarar da ya tsaya ba hamayya, da duk nasarar da aka samu ba gumi.

Abin da ke damuna shi ne yadda masu ba da labarin wasanni ke ambaton ta su wuce, kamar cin bulus ne kawai, ba su faɗi abin da ya hana ɗaya ɓangaren zuwa ba. Alhali galibi a nan labarin yake.

A watan Nuwamban 1973, Tarayyar Sobiyet ta ƙi zuwa Santiyago ta kara da Chile a wasan neman gurbin Kofin Duniya. Dalilinta kuwa, bayan juyin mulkin Janar Pinochet, sojoji sun mayar da filin wasan wurin tsare mutane da azabtar da su. Duk da haka FIFA ta ce a yi wasan. 'Yan Chile suka fito su kaɗai, suka yi ta miƙa wa juna ƙwallo har suka zura ta a ragar da babu mai tsaro, suka wuce zuwa gasar 1974. Wanda ya ce "Chile ta samu wokoba" ya yi shiru, wallahi ya zalunci waɗanda aka tsare a filin nan.

Mu ma mun gani a Oktoban 2024, lokacin da aka karkatar da jirgin Super Eagles zuwa filin jirgin Al Abraq na Libiya a hanyarsu ta zuwa karawa da ƙasar, 'yan wasa suka kwana a kan kujeru, suka ce ba za su buga ba. A nan, waɗanda suka ƙi shiga fili su ne CAF ta ba nasara da ci 3 da nema, ta kuma ci Libiya tarar dala 50,000.