Raddi ga Masu Raina Ikirari

Wata magana na yawo a bakin wasu matasanmu 'yan Katolika a Suleja, wai zuwa ikirari gaban Fada ɓata lokaci ne. Na saurari hujjojinsu, ban ga wadda ta tsaya da ƙafarta ba.

Suka ce mutum ya furta zunubi ran Asabar, ran Talata ya koma ruwa, to ina amfanin? 'Yan'uwa, kun cakuɗa mutum biyu. Wanda ya durƙusa babu niyyar bari, Ikilisiya da kanta ta ce bai samu gafara ba, domin nadama da ƙudurin gyara sharaɗi ne. Wanda ya yi niyya ya sake faɗuwa kuwa, labarinsa daban. Ku dubi direban da ke jigila zuwa Abuja: bara, a cunkoson Madalla, ashar ke riga tunaninsa fita, bana yakan cije leɓe, in ta kuɓuce masa ya kwana da ciwon abin. Bai gama ba, amma alherin Allah ya fara cin ƙarfin mugun halinsa.

Suka ce me ya kawo Fada tsakaninmu da Allah? Ku buɗe Yohanna sura ta 20, inda Yesu ya danƙa wa manzanni ikon gafarta zunubi. Ba Fada ya ƙirƙiro wa kansa ba.

Hujjar da ta fi damuna ita ce wai ƙarfin zuciya ya isa. Tsohuwar magana ce. Felajiyus ya yi ta, Waliyyi Agustin na Hippo ya ƙaryata shi, majalisar bishof-bishof ta Kartaj ta yi watsi da ita a 418. A nan Suleja, garin da Ladi Kwali ta gina tukwane, ai mun san yumɓu ba ya gina kansa. Sai dai mutum ya fi yumɓu, yana iya ba da haɗin kai, yana iya ƙi, kamar yadda Majalisar Tirent ta bayyana a 1547.

Ranar Kirsimeti ta 2011 bam ya tashi a cocin St. Theresa da ke Madalla, gomman mutane suka mutu. Wa zai iya duban uwar da ta binne ɗanta ya ce ta daure kawai ta yafe? In ƙiyayya ta taso mata da dare, gobe ma ta sake tasowa, tana da wurin da za ta kai ta, a ce mata an gafarta, ta karɓi Jikin Almasihu. Wannan ƙofar kuke so a rufe mata.