A Guji Gyaran Gangar Auzinawa

Duk wanda ya zaga zangunan 'yan Arewa a Kurmi, kama daga Agege da Idi-Araba da Mile 12 a Ikko, har zuwa Sabo ta Badun da ta Shagamu, zai ga wata sana'a da samari suka runguma, watau buɗe gidan gem. Ɗan ɗaki ne da benci biyu da akwatin talabijin da na'urar wasa, yara suna biyan kuɗi suna buga ƙwallo a allo. Wani da kuɗin acaɓa ya haɗa jarinsa, wani da kuɗin dako, wani kuwa ɗan'uwa ne ya ranta masa. To, duk wannan jari yana rataye ne a kan akwati guda. Ranar da na'urar ta ƙi tashi, a ranar ciniki ya tsaya, kuɗin haya kuwa ba ya tsayawa.

A irin wannan rana ce mai gida yake sungumar na'urarsa ya nufi wurin mai gyara, ba ya tambayar kome sai abu biyu: nawa ne, kuma yaushe za a gama? Tambaya ta uku, wadda ta fi su muhimmanci, ba safai ake yin ta ba, watau mene ne ainihin abin da ya lalace? Rashin yin wannan tambaya shi ne ke cinye jarin samari da dama, domin akwai gyaran da yake warkar da na'ura, akwai kuma wanda yake farfaɗo da ita na 'yan makonni kawai, daidai lokacin da za a karɓi kuɗi a rabu. Labarin wata na'ura da ta yi suna a duniya ya isa ya zama darasi.

A watan Nuwamba na 2005 kamfanin Microsoft na Amurka ya fito da na'urar wasa mai suna Xbox 360. A gabanta akwai zoben fitila mai kashi huɗu kewaye da maɓallin kunnawa, wanda yake nuna kore idan lafiya. Idan kashi huɗu suka yi ja, wayar talabijin ce ba ta shiga ba. Idan biyu ne, zafi ya yi yawa. Amma idan uku suka yi ja, to, wani abu ya lalace a cikin injin. Ba a jima ba sai wannan jar fitila uku ta addabi masu saye a Amurka da Turai da sauran wurare, har suka laƙaba mata suna jan zoben ajali.

Da farko kamfanin ya nuna kamar abin bai taka kara ya karya ba. Sai a watan Yuli na 2007 ya fito fili ya amsa cewa na'urorin da ke lalacewa sun wuce misali, ya ƙara wa'adin garanti zuwa shekara 3 ga duk wadda ta nuna wannan alama, ya kuma ware fiye da dala biliyan 1 domin gyara da musanya. A 2021, cikin wani fim na tarihin na'urar da kamfanin da kansa ya shirya, injiniyoyinsa sun bayyana musabbabin ciwon. A cikin ƙwaƙwalwar da ke sarrafa hoto akwai ƙananan ɗigo-ɗigon liƙi na ƙarfe, waɗanda wuta ke bi ta cikinsu. Duk sa'ad da aka kunna na'ura sai su ɗauki zafi su buɗe, idan aka kashe su huce su tsuke. Yau da gobe, buɗewa da tsukewa, sai liƙin ya tsage, wuta ta daina wucewa. Ashe ciwon daga masana'anta ya taso, ba laifin mai saye ba ne.

Kafin a san haka, mutane sun gano wata dabara. Sai su naɗe na'urar da tawul, su kunna ta, su bar ta ta yi zafi ƙwarai, sa'an nan su kashe. Sau da yawa sai ta tashi kamar ba ta taɓa ciwo ba. Masu gyara kuma suka ɗauki bulowa, watau na'urar hura iska mai zafi, suna gasa ƙwaƙwalwar a kan allon injin, wanda suke kira fanel. Dalilin tashin a bayyane yake: zafi yana sa bakin tsagar ya sake haɗuwa. Amma tsagar tana nan, ba ta tafi ko'ina ba, kuma da an koma kunnawa da kashewa za ta sake buɗewa. Bugu da ƙari, zafin da ya wuce kima yakan tanƙwara fanel ya raunana sauran ƙananan kayan da ke kusa, har na'urar da a da za a iya ceto ta zama ta juji. Garin neman gira an rasa ido ke nan. Gyara na gaskiya shi ne a cire ƙwaƙwalwar a sa irin wadda aka inganta daga baya, ko a musanya fanel ɗin ɗungum. Abin da kamfanin ya yi ke nan a samfurorin da suka biyo baya, har ya sake fasalin na'urar a 2010.

Mai karatu zai ce, ina ruwan mai gidan gem na Agege da abin da ya faru a Amurka shekara da shekaru? Ruwansa kuwa babba ne, domin yawancin na'urorin da talaka ke iya saye a nan kwance ne, watau tokumbo, waɗanda aka yi amfani da su a ƙasashen waje kafin su sauka a tashar jirgin ruwa su bi ta kasuwanni irin su Alaba da Computer Village ta Ikeja. Tun a 2005 wata ƙungiyar kare muhalli ta Amurka mai suna Basel Action Network ta ba da rahoto cewa kwantena wajen 500 na tsofaffin kayan kwamfuta ke sauka Ikko kowane wata, kuma kashi mai yawa daga ciki tarkace ne. Garantin da Bature ya mora ba ya biyo na'ura ta ƙetare teku a hannu na biyu ko na uku. An daina ƙera Xbox 360 tun 2016, amma dabarar gasawa ba ta mutu ba. An yi ta a kan PlayStation 3 ta kamfanin Sony mai nuna fitila rawaya idan ta mutu, ana kuma yin ta a kan waɗanda suka zo bayanta. Na'urar da aka gasa jiya za ta yi wasa lafiya lau a gaban mai saye yau, sai bayan ta kwana biyu a shago asiri ya tonu.

Wannan ba yana nufin duk na'urar da ta ƙi tashi ta mutu ba ne. Hasali ma cututtuka da yawa masu sauƙi ne, idan an sami mai gyara da ke bin abu daki-daki. Na farko wuta. Ƙarfin wutar gida a Amurka bolt 120 ne, a Japan 100, a Nijeriya kuwa 230. Wasu na'urori suna karɓar kowace iri, wasu kuwa, kamar tukunyar wutar Xbox 360 ta Amurka, in aka jona su kai tsaye ba tare da taransifoma mai rage ƙarfi ba, nan take suke ƙonewa. Ita kanta jar fitila uku takan fito idan tukunyar wutar ce ta sami matsala, alhali injin lafiyarsa ƙalau. Ga kuma hawa da saukar wutar Nepa da ta janareta. Na biyu zafi: ƙura takan toshe fanka da ƙofofin iska, man da ke tsakanin ƙwaƙwalwa da ƙarfen sanyaya shi ma yakan bushe bayan shekaru, sai na'ura ta riƙa ƙugi tana kashe kanta. Na uku bakin da wayar talabijin ke shiga, wanda yakan karye saboda yawan cirewa da mayarwa, na'ura tana aiki amma allo baƙi ƙirin. Ga kyankyaso mai son ɗumi, ga laimar Ikko mai kawo tsatsa. Duk waɗannan ana gane su da mita da ido da haƙuri. Mai gyaran da ya ɗauko bulowa kafin ya ɗauko mita, lalle a karɓe na'ura daga hannunsa.

Masu gyara suna da tasu hujja, kuma ya kamata a saurare su. Sukan ce mai kaya ba ya son jin kuɗi mai nauyi, idan ka faɗa masa gaskiya sai ya wuce shago na gaba inda za a gasa masa a karɓi kaɗan. Sukan ce kayan gyara na asali ba su samuwa sai an farke wata matacciyar na'ura. Akwai gaskiya a nan, domin kamfanonin sun tsare hanya. A wasu na'urori an ƙulle injin karanta faifai da fanel ɗinsa, ta yadda in aka ɗauko na wata aka sa ba zai karanta wasa ba. Ko a Amurka, dokokin da jihohin Minnesota da California suka yi a 2023, masu tilasta wa kamfanoni sayar da kayan gyara ga kowa, sun tsame na'urorin wasa. Amma tsadar kaya ba ta halatta ɓoye gaskiya. Babu laifi mai gyara ya ce, wannan aikin na ɗan lokaci ne, zai iya kai wata guda ko ya gaza, ga kuɗinsa, ga kuma kuɗin na dindindin, zaɓi ya rage naka. Laifin shi ne a sayar da farfaɗowa da sunan warkewa.

Saboda haka wajibi ne mai gidan gem ya kare kansa. In zai sayi kwance, kada ya yarda da gwajin minti biyar. Ya zauna a buga wasa na tsawon sa'o'i, a kashe, a bari ta huce, a sake kunnawa. Ya duba ko an taɓa buɗe ta, ya karanta ƙarfin wutar da aka rubuta a jikinta, ya karɓi rasit mai ɗauke da lambar na'urar. In ya kai gyara, ya nemi a faɗa masa ciwon, a nuna masa abin da aka cire, a kuma rubuta masa kwanakin da mai gyara ya ɗauki alhaki. A shago kuma ya ɗora ta inda iska ke ratsawa, ya sa mata sitabilaiza, ya riƙa share ƙura. Rigakafi ya fi magani.

Akwai kuma aiki a gaban sarakunan Hausawa da ƙungiyoyin 'yan kasuwa na zanguna. Samarin Arewa sun nuna a kasuwar Farm Centre ta Kano da wurare irinta cewa hannunsu na iya gyaran waya. Me zai hana a zaɓi yara masu kaifin basira a kowane zango, a ɗauki nauyinsu su yi shekara biyu ko uku a hannun ƙwararru, su koyi karanta taswirar fanel da aiki da mita da cire ƙwaƙwalwa ba tare da ɓarna ba? Wanda ya iya wannan a kan na'urar wasa ya iya shi a kan talabijin da kwamfuta, sana'a ce da za ta bi shi har gida ranar da ya bar Kurmi. Zango kuma zai sami mai gyara wanda aka san asalinsa, wanda in ya ci amana an san ƙofar da za a ƙwanƙwasa.

Babban kamfani mai dukiya sai da ya biya dala biliyan guda kafin ya yarda cewa ɓoye ciwo ba ya warkar da shi. Saurayin da ya tara jarinsa naira bisa naira a titunan Ikko ba shi da biliyan da zai yi asara. Ya tambaya kafin ya biya, mai gyara kuma ya faɗi gaskiya kafin ya karɓa.