Firjin Ɗakin Gwaji da Solar da Aka Kwance

A jami'o'in Najeriya, kowace shekara ɗaliban ajin ƙarshe suna miƙa kundin bincike, a ba da maki, a jera a kanta, daga nan sai ƙura. Akan ɗora laifin a kan rashin kuɗi, kuma da gaskiya a ciki: tallafin binciken da asusun TETFund ke bayarwa malamai ne ke nemansa, ɗalibi kuwa aljihun iyayensa ya dogara da shi. Amma akwai asarar da ba kuɗi ke jawo ta ba.

Ɗalibar da ke nazarin jinin masu cutar sikila tana bukatar firjin da zai riƙe samfurinta a digiri 20 ƙasa da sifili. In aka ɗauke wuta kwana biyu, janareta ba mai, aikin watanni ya tashi a banza. A tsangayar injiniya kuwa, tafiyar 'yan mintoci, wani ɗalibi ya haɗa faifan sola da batir, ya nuna sau ɗaya a gaban masu jarrabawa, ya kwance kayansa. Na sashen kwamfuta yana can yana rubuta manhajar otal da babu otal ɗin da ya nema.

Malamai ne ke amincewa da batun bincike, don haka gyaran a hannunsu yake. A ba injiniyan firjin nan ya zama aikinsa, a ce da mai kwamfuta ya haɗa na'urar da za ta aika saƙon waya da zarar sanyi ya fara raguwa. Ɗaliban baɗi su gaji kayan, su auna yadda batirin ya jure zafin watan Afrilu.