SA HANNU A TAKARDA BA YA TACE RUWA

Ya ku 'yan'uwa talakawa da 'yan kasuwa, ku saurara! A 2010 gubar dalma ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na Zamfara, inda ake daka dutsen zinariya a tsakar gida. Wa ya fara ankara? Ba gwamnati ba ce, likitocin ƙungiyar MSF ne. Kuɗin kwashe gurɓatacciyar ƙasar Bagega kuwa ba su fito ba sai a 2013, bayan duniya ta yi caa. A 2015 abin ya sake aukuwa a Shikira ta Jihar Neja, yara 28 suka rasu.

Mahukunta za su ce ai sun amince da yarjejeniyar Minamata kan zaiba a 2018, kuma tun 1964 suke zama da maƙwabta kan ruwan Kwara, har da ofis a Yamai. Madalla! Mu ba mu ƙi haɗin kan ƙasashe ba, gama Kogin Kaduna ma Kwara yake faɗawa. To amma mai lambu a bakin kogin nan, da uwar 'ya'ya a Unguwar Kanawa mai sayen ruwan 'yan garuwa, wa ya taɓa nuna musu sakamakon gwajin ruwansu? Dalma ba ta wari, ba ta sauya launin ruwa, tafasawa ma ba ta fid da ita.

Abin da muke nema ke nan: a auna rijiyoyinmu da famfunanmu, a rubuta sakamakon da Hausa, a manna a ƙofar kowace kasuwa.